Bayani Kan Saɓanin Masu Karatu a Sha'anin Gimbiya da Barde

Ka sani, ya kai mai neman sani, ra'ayin mai karatu fanni ne mai zaman kansa, yana da sharuɗɗa da rukunai, kuma babinsa mafi wuya shi ne na littafin soyayyar zamanin da. Hausawa sun saba da takobi a kan takarda tun daga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda gasar rubutu ta 1933 ta haifar, sannan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya zo ya cika kasuwar Kano da sadaukai. Duk wannan bai raba kan kowa ba. Sai da aka zuba gimbiya a ciki saɓani ya samu gindin zama, kuma a Ɗankaza ta ƙasar Wudil ya bunƙasa har ya yi mazhabobi.

Mu ƙaddara an gina labarin a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Gimbiya ta ƙyalla ido ta ga wani barde marar asali, sarki ya ce allambaran, boka ya shiga tsakani, aka yi yaƙi.

Mazhaba ta farko ita ce ta Tumatir, mabiyanta malaman makaranta ne da ɗaliban jami'ar Wudil. Hujjarsu ba ta da kushe. Tumatir da barkono da masara da rogo da gyaɗa duk 'yan nahiyar Amurka ne, Kolumbus kuwa bai taka can ba sai 1492, saura shekara 7 Rumfa ya rasu. To miyar dage-dagen da gimbiya ta aika wa barde a ɓoye, da me aka yi ta? Sun halatta mata kuka da kuɓewa da daddawa, sun halatta tuwon dawa da fura, iyakarta ke nan. Sulke da lifidi da kwalkwali ba laifi, domin Tarihin Kano ya ce tun zamanin Kananeji, 1390 zuwa 1410, suka shigo. Goro ma ya tsira, tunda littafin ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau guda 10,000. Kakaki ne ya raba su gida biyu: Rumfa da kansa ya fara shi, saboda haka masu tsanani suna neman marubuci ya faɗi a wace shekarar sarautar aka busa shi. Abin lura, babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa yin ƙorafi cewa boka ya hau bayan aljani daga Dala zuwa Birnin Sin a dare guda. Aljani ba shi da ranar shigowa, don haka ba a kama shi da laifin tarihi.

Mazhabar Gwaggo ba ruwanta da tumatir. Tambayoyinta sanannu ne: "Ɗan gidan wa ne shi? Su wa suka je neman auren? Mece ce sana'arsa?" In aka ce mata ya karkashe dakaru dubu shi kaɗai, sai ta ce, "Na ji, ɗan nan, amma da me zai ciyar da ita?" A mas'ala ɗaya tak ta haɗu da 'yan Tumatir, wato fitar gimbiya bakin rafi da daddare. Su suna kafa hujja da cewa Rumfa ne ya fara kulle. Ita kuwa cewa take, ina uwar yarinyar take?

Amma waɗannan duk rassa ne. Tushen saɓanin yana ga yadda ake buga littafin. Al'adar marubutan Kano ce su kasa labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, su kuma yanke shi daidai lokacin da aka ɗaga takobi. Wanda ya je cin kasuwar Juma'a sai ya dawo da na ɗaya da na uku, na biyu kuwa yana hannun wata amarya da ta tare a wani gari. Daga nan aro ya ɗauka, gida-gida, kowane kashi da hanyarsa. Mai riƙe da na ɗaya zai rantse gimbiya 'yar mutunci ce mai kunya. Mai na biyu zai ce maciya amana ce, domin da idonsa ya ga ta amince da ɗan Galadima. Mai na uku ya san asiri aka yi mata, ya kuma san barden ɗan sarki ne da aka sace yana jariri, wanda da jin haka Gwaggo za ta ce ai ita tun farko ta ga alama a tafiyarsa. Kowannensu gaskiya ya faɗa gwargwadon takardar da ke hannunsa. Shi ya sa manyan wannan fanni suka sharɗanta cewa ba a karɓar ra'ayin mutum sai an tambaye shi, "Na nawa ka karanta?"

Akwai kuma waɗanda ba su karanta ko ɗaya ba, labari aka ba su a gidan suna. Ra'ayinsu ya fi na kowa ƙarfi, domin babu shafin da zai ƙaryata su.

Saura mas'alar shafin ƙarshe, wanda bisa ga al'ada yakan ɓace kafin littafi ya kai gida na biyar, galibi a hannun mai ƙosai. A nan riwaya biyu ce. Ɗaya ta ce an ɗaura aure an yi hawan angwanci. Ɗaya ta ce barde ya faɗi a bakin ganuwa da kibiya a ƙirji. Mafi yawan matan aure sun rinjayar da ta biyu, 'yan mata suka tsaya kan ta farko. Ita kuwa mai littafin ta ƙi faɗin abin da ta gani, sai an biya ta kuɗin na biyun da aka ɓatar mata.