Matuƙan Jiragen Rimot da Baturansu a Hunturun Ingila

Daga Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Ingila, kasuwar masu tashin ƙananan jiragen rimot take fara watsewa. Kafin tsakiyar Disamba, rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba, filin ciyawar da suke taruwa ya koma taɓo, iska kuma ba ta raga wa jirgin da bai wuce kilo biyu ba. Kada ka ɗauka yara ne masu wannan wasa. Yawancinsu dattawa ne masu furfura da jikoki, suna da ƙungiya ta ƙasa mai suna BMFA wadda asalinta ya koma 1922, da babban filinta a Buckminster, da inshora saboda ranar da jirgin wani zai sauka a gilashin motar wani. A Nuwambar 2019 ma hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar ta wajabta rajista ga duk mai jirgin da ya kai gram 250.

Lokacin ɗumi duk kamarsu ɗaya: hular hana-sallah, kujerar naɗewa, filas ɗin shayi, da wuya a ɗage sama. Sai sanyi ya kore su gida halin kowa yake fitowa, kuma batir ne ke tona shi.

Batirin da yawancin jiragen nan ke amfani da shi, wanda suke kira Lipo, ɗan'uwan na wayar hannu ne, sai dai ya fi shi zafin rai. Ɗaki-ɗaki ake haɗa shi, mai ɗaki uku shi ya fi yawa a hannun mutane. Kowane ɗaki in ya cika yana nuna bolt 4.2, in ya sauka ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa. Ba ya son a ajiye shi a ƙoshe, ba ya son a bar shi da yunwa. In zai yi watanni ba a taɓa shi ba, abin da yake so shi ne 3.8 ko sama da haka kaɗan, wato kusan rabin ciki, a wuri mai sanyi-sanyi marar laima. Kusan kowace cajar zamani tana da maɓallin da zai yi wannan aiki. Iyakar karatun ke nan, amma ɗan Adam ba ya rasa yadda zai yi da shi.

Na farko shi ne Sai-Asabar. Daren Juma'a ya ji masu hasashen yanayi sun ce gobe gari zai yi kyau, sai ya zauna ya cika baturansa duka maƙil. Gari ya waye da ruwa. Ba komai, in ji shi, Asabar mai zuwa. Ta zo da iska, ta bayanta ta zo da hazo, ta bayan wannan kuma surukai suka zo. Bai taɓa yanke shawarar ajiye baturan ba, shi ya sa bai sauke musu caji ba. A lissafinsa kullum saura kwana shida ya tashi jirgi. A cikin Maris zai buɗe jaka ya tarar sun kumbura kamar fanke, domin dogon zama a cike yana ruɓar da sinadarin da ke ciki, ya riƙa fitar da iskar da ba ta da hanyar fita. Sai ya zo fili ransa a ɓace yana cewa kayan yanzu ba su da aminci. Shekara nawa yana faɗin haka, kamfani nawa ya canza, amma bai taɓa zargin Asabar ba.

Abin da Sai-Asabar ya zubar, Da-sauransa ke tsinta. Wannan bawan Allah bai taɓa ganin mataccen batir ba. Ka nuna masa wanda ya kumbura har takardar jikinsa ta tsage, zai latsa da babban yatsa, ya kai kunne, ya ce, "Haba abokina, ai da sauransa." Duk tsawon hunturu yana danne su tsakanin katako biyu da bulo a sama wai su koma daidai, alhali ɓarnar a ciki take, dannewar ma haɗari take ƙarawa. Ranar gwaji jirgin zai tashi da ƙarfinsa, ya yi minti ɗaya, farfela ta fara kasala, sai a gan shi ya sunkuya bayan shingen gonar maƙwabci. Ya tsallaka, ya dawo da fiffike a hannu ɗaya, jela a ɗaya, tumaki na kallonsa. Don gudun sayen batir ya kashe jirgin da ya ninka batirin kuɗi sau da yawa, kuma in ka tambaye shi, iska ce.

Akwai kuma Malam Akawu, wanda na fi jin tsoron zama kusa da shi in shayina bai ƙare ba. Kowane batir nasa yana da lamba da ranar saye a jiki, kowane yana da shafi a littafi. Ranar 1 ga kowane wata yakan sa tabarau ya auna ɗaki-ɗaki ya rubuta. In ɗaya ya nuna 3.83, ɗan'uwansa 3.81, abincin dare ba zai yi masa daɗi ba. Shi da wani takwaransa sun daɗe ba sa ga-maciji, ɗaya ya ce 3.80 ake ajiyewa, ɗaya ya ce 3.85, alhali shi batirin bai san suna yi ba. Jirgi kuwa ba ya cika tashi, don kowane tashi yana rage wa batir kwana, littafin kuma zai nuna. Abin haushin shi ne gaskiyarsa ce. Baturansa sun fi na kowa daɗewa, kuma ba zai bari ka manta ba.

Mai Firji ya ji an ce sanyi yana rage wa batir saurin tsufa, kuma ba ƙarya aka faɗa masa ba. Sai ya kwashi nasa ya jera su a firjin gida, tsakanin man shanu da ragowar kazar jiya. Uwargida ta buɗe ta ga wayoyi ja da baƙi suna leƙowa daga robar da take zuba salak, aka kwana ana shari'a. Ba nan matsalar take ba. In ka fito da abu mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi, raɓa takan kwanta masa, raɓa kuwa ba ta shiri da bakin waya. Sai an sa shi a leda mai rufi, an kuma bar shi ya huce kafin a buɗe. Ƙaninsa a wauta shi ne wanda ya zarce da su firiza, ko ya bar su a gareji daren da ruwa ke daskarewa, da safe ya jona caja kai tsaye. Cajin irin wannan batir a ƙasa da digiri 0 yana sa ƙarfen litiyam ya taru a inda bai kamata ba, kuma ba ya komawa. Batirin zai yi shiru, ya riƙe abin a ransa.

Shi kuwa Sarkin Kwana-kwana, bidiyo ɗaya ya gani na batir yana aman wuta, tun daga ranar bai sake cikakken barci ba. Baturansa na cikin jakar da ba ta cin wuta, jakar na cikin tsohon akwatin harsashi na soja, akwatin na kan bulo a ƙarshen lambu, ga bokitin yashi, ga na'urar jin hayaƙi a rataye. In zai yi caji sai ya ja kujera ya zauna ya zuba wa abin ido har ya gama. Ana yi masa dariya, ni ma nakan yi, amma ba da ƙarfi ba. Wutar Lipo in ta kama, ɗaki ɗaya ke kunna na kusa da shi, hayaƙinta guba ne, kuma rashin barin caja ita kaɗai doka ce da kowane kulob ke nanatawa. Shi ne ma zai gaya maka abin da masu kwaikwayonsa ba su sani ba, cewa sai an cire robar murfin akwatin ko an huda shi, domin in iskar ta rasa mafita akwatin kansa ne zai tarwatse. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Laifinsa kawai shi ne ya shekara yana shafawa har gemun ya jiƙe sharkaf.

Duk wannan hayaniya, Baba Mai Zurma yana gefe yana murmushin raini. Shi ɗan zamanin inji ne, mai shan man da ake haɗawa da metanol da man zurma, wanda ke barin maiƙo a fiffike da ƙauri a riga. A wurinsa jirgin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi fanka ce mai fiffike. Ba za ka rabu da shi ba sai ya ba ka labarin Maynard Hill, dattijon Amurka da ya ƙera jirgin da bai kai kilo 5 ba, wanda a watan Agustan 2003 ya tashi daga Newfoundland ta Kanada ya sauka a Ayalan, tafiyar kusan kilomita 3,000 cikin awa 38 da minti 52, da man da bai cika galan ɗaya ba. "To yaro, wane batir ne zai yi wannan?" Ba mai amsa masa, don babu amsa. Abin da yake mantawa shi ne nasa jirgin ma yana ɗauke da ɗan ƙaramin batir irin na da, wanda ke ba na'urar karɓar umarni wuta. Wannan ɗan batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, in kuma ya yi hunturu a rumfa mai laima, baƙar wayarsa takan ci tsatsa daga ciki, tagullar ta yi baƙi ta ruɓe, roba ta rufa mata asiri. Rana ɗaya injin na ruri lafiya lau, Baba na murɗa rimot hagu, jirgi na tafiya dama.

Gagarau bai yarda akwai hunturu ba. Ranar 1 ga Janairu yana fili, ya ɗaura wa jirginsa takalman sulu a madadin taya, ya zura hannu da rimot cikin wata jakar ɗumi, hanci na zuba. Baturan suna aljihun ciki kusa da ƙirjinsa, kuma nan ya yi daidai, domin batir mai sanyi ba ya ba da wuta yadda ya kamata, lokacin tashi yakan gajarta. Minti huɗu zai yi a sama, yatsu su ƙage, ya koma mota ya yi minti arba'in yana gasa su a hita. Da yamma zai aiko wa kowa hoto.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Maƙeri, wanda ke shafe hunturu yana fere katakon balsa yana haɗa Spitfire, samfurin jirgin yaƙi, in ya gama ya ga ta yi kyau da yawa, ya rataye ta a silin. Batirin da ya saya mata ya mutu a kwalinsa bai taɓa ganin sama ba. Akwai Angon Kirsimeti, da aka ba shi jirgi kyauta ranar 25 ga Disamba, ranar 26 ya kai shi kan bishiya mafi tsawo a unguwa, batir na jone yana tsotsewa har ya mutu kafin iska ta kakkaɓo shi.

Sai Mai Fatawa, wanda ba a taɓa ganin jirginsa ba amma ba a taɓa rasa shi a fili ba. Shi ne zai ce maka mataccen batir a ruwan gishiri ake jiƙa shi. Gishirin kan cinye bakin wayar tun cajin bai ƙare ba, ka zauna da batir mai sauran wuta wanda ba ka da hanyar aunawa. In naka ya kumbura, ka fita da shi waje, ka jona masa ƙwan fitilar mota ya shanye wutar sannu a hankali har mita ta nuna babu komai, ka naɗe bakin wayar da salatif, ka kai wurin karɓar tsofaffin batura na ƙaramar hukuma. Kada ka jefa shi a kwandon shara, don irinsa ne ke tayar da gobara a motocin kwasar shara in aka matse su. Kuma ka kai da ƙafarka, kada ka aiki Da-sauransa.