Masu Raɗa wa Muƙala Suna

A cikin muƙalar Wikipedia akwai wurin kowa. In masana sun saɓa kan shekarar da aka kafa wani gari, sai a rubuta wasu sun ce kaza, wasu kuma sun ce kaza, kowa ya kama gabansa. Amma layin nan guda da ke can sama, wato take, ba ya ɗaukar "wasu sun ce". Suna ɗaya ne zai hau, sauran su haƙura. Tun da aka buɗe kundin a watan Janairun 2001, aka kuma bar ƙofarsa ga duk mai son gyara, babu inda halin mutane ke fitowa fili kamar kan wannan layi. Raɗin suna ne da ba uba ba liman, kuma duk wanda ya zo wucewa yana da ikon cewa a sake yanka rago.

Ƙa'idojin kansu ba su taka kara sun karya ba. A sa sunan da aka fi sanin abu da shi, a taƙaita, kada a jera laƙabi, in abu biyu sun yi tarayya a suna a bambance su. MediaWiki, manhajar da ke ɗauke da kundin, ta ƙara nata: ba ta karɓar wasu alamomi irin su # a cikin take, takan mai da harafin farko babba da kanta, kuma take ba ya wuce bayit 255. Ɗan firamare zai haddace su kafin a tashi tara. Rigimar tana wurin masu aiki da su.

Na gaba a sahu shi ne Sanƙira. Shi a wurinsa take filin kirari ne. Ka bar masa tarihin Firimiyan Arewa, abin da za ka tarar a sama shi ne "Mai Girma Marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato Firimiyan Jihar Arewa Gamji", kuma da za a ƙyale shi da ya rufe da addu'a. (Haruffanmu masu lanƙwasa kowanne bayit biyu yake ci, saboda haka ya fi takwaransa Bature saurin ƙure iyaka.) Sai wani ɗalibin jami'a ya zo ya aske taken tas, ya bar "Ahmadu Bello". Nan ake yin ta.

"Kai yaro, sa'anka ne da za ka kira sunansa gatsal?"

"Ka yi haƙuri Baba, ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa? A gidanku haka kake kiran mahaifinka?"

Ni dai ba na cika yi wa Sanƙira dariya. Mutumin da ya tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mata ba ta ambaton sunan miji, dole sunan babban mutum haka tsirara ya yi masa nauyi a baki. Sai dai laƙabi ba ya zama wuri ɗaya. Ciroman yau Galadima ne gobe, Sanatan bana tsohon Sanata ne baɗi, kuma kowane Alhaji Marigayi ne wata rana. In take zai riƙa bin rawani, ba ranar hutu. Girmamawar tana da wurinta a layin farko na muƙalar, inda za a jera wa Sardauna sarautunsa duka, har da shekarun da ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966, ba mai cewa uffan.

Sai abokan gaba biyu da ba sa rabuwa: Sarkin Lanƙwasa da Malam Hanzari. Hanzari a waya yake rubutu, a tsaye, yana jiran Keke Napep. Allon wayarsa yana da Hausa in ya so, amma bai taɓa shiga ya kunna ba, don haka a duniyarsa ƙ da k duk ɗaya ne, "ai kowa ya gane". Mutum kam ya gane. Manhaja ba ta gane ba, don a wurinta K da Ƙ ba su haɗa komai ba. Hanzari ya nemi "Kofar Mata", aka ce masa babu, sai ya zauna ya rubuta sabuwa fil, alhali "Ƙofar Mata" tana nan tun bara da hotunan marinarta. Yanzu ƙofa ɗaya muƙala biyu, kowacce da masu gyara ta, ba wadda ta san da 'yar'uwarta. Ya kuma rubuta bayanin ƙurar hunturu a ƙarƙashin "Kura", inda tuni dabbar dawa, da ƙaramar hukuma a jihar Kano, da abin turin masu ga-ruwa suke cinkoso.

Sarkin Lanƙwasa shi ne mai bin bayansa da tsintsiya. Yawanci malamin makaranta ne, ko wanda ya so ya zama. Bai taɓa ƙara wa muƙala jimla ɗaya ba. Aikinsa ya ga d ya ɗora mata ƙugiya. Ka taɓa shi kaɗan zai karanto maka tarihi: yadda a da ake ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi ko a maƙala masa alama a gefe, yadda aka tsai da masu lanƙwasa a shekarun 1930, yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shigar da su gidaje tun daga 1939. Duk gaskiya ne, kuma a wannan faɗa ina bayansa ɗari bisa ɗari. Aibinsa ɗaya: hannunsa ya saba. In ya yi nisa da aiki, har kalmar da ba ta nemi lanƙwasa ba sai ya lanƙwasa mata, ka wayi gari ka ga Daura ta koma Ɗaura.

Inda Sarkin Lanƙwasa ke haɗuwa da gamonsa shi ne kan harafi na huɗu cikin masu lanƙwasa. A Najeriya an saba rubuta 'y, a Nijar ƴ. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, amma har yau ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, waɗanda ke cin kasuwa ɗaya, ba sa rubuta kalmar 'ya'ya iri ɗaya. Manhaja kuwa ta ƙara wa wutar fetur. Alamar nan ta gaban y iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya akwai karkatacciya, kuma kowace waya da wadda take sakawa. Sannan da yake alamar ce farkon take, manhajar ba ta da harafin da za ta girmama, sai ta bar y yadda aka buga ta, babba ko ƙarama. Ka lissafa: alama iri biyu, y iri biyu, ga ƴ ta Nijar, ga Hanzari da ya zubar da alamar gaba ɗaya ya rubuta "Yan". Muƙala ɗaya kan 'yan kasuwa tana iya samun gidaje shida, kuma mai kowane gida ya rantse nasa ne na asali.

Akwai Ɗan Gargajiya. Shi ba ya son jin Sokoto sai Sakkwato, ba Zinder sai Damagaram, ba Niamey sai Yamai. Zuwa nan muna tare, don haka bakin Bahaushe ke faɗa. Amma ba ya tsayawa nan. Legas ta koma Ikko, Ibadan ta koma Badun, Istanbul ta koma Santambul, har ɗan sakandaren da ke neman babban birnin kasuwancin ƙasarsa ya rasa inda aka kai shi. Abokin karawarsa Ɗan Taswira shi kuma abin da ke rubuce a allon bakin titi kawai ya sani, har Fatakwal da kowa ke faɗa yana so a mai da ita yadda take a tikitin jirgi. Su biyun sukan manta cewa ƙa'idar ba ta ce a sa mafi tsufa ko mafi hukuma ba, cewa ta yi wanda aka fi sani. Kuma ko sun sasanta kan garuruwa, akwai Najeriya da Nijeriya suna jiran su, ga Bauchi da Bauci, ga sunan Muhammadu da ake rubutawa yadda aka ga dama tun daga Murtala Muhammed har Mahamadou Issoufou.

Kada wani ya ce ciwon namu ne mu kaɗai. A sashen Ingilishi sai da aka kaɗa ƙuri'a a 2005 kan wani birnin Poland da Jamusawa ke kira Danzig, mutanen ƙasar ke kira Gdańsk, aka ƙare da raba tarihin gida-gida: daga 1308 zuwa 1945 a ce Danzig, kafin nan da bayan nan a ce Gdańsk. Babban birnin Yukren ma sai a 2020 ya samu sauka daga Kiev zuwa Kyiv, bayan shekaru ana kai ruwa rana.

Mai Ihu ba ya buƙatar dogon bayani. DUK TAKENSA HAKA YAKE, don a ganinsa ƙananan baƙaƙe raini ne. Ƙaninsa ya fi shi natsuwa, Farkon Kowace Kalma Kawai Yake Girmamawa, bai san cewa bayan harafin farko manhajar tana bambance babba da ƙarami ba, shi ma yana ta haifar tagwayen muƙaloli. Su ma suna da dangi a waje: kan fim ɗin Star Trek Into Darkness na 2013, an zubar da kalmomi sama da 40,000 ana musu ko harafin i guda ɗaya babba ne ko ƙarami. Ɗan Gasa kuwa, wanda ke ƙirga muƙaloli don ya ci kyauta, injin fassara yake miƙa wa take ya karɓa ido rufe. In injin ya mai da ƙasar Turkiyya talotalo, a haka za ta hau.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Ɗan Garinmu. Ƙa'ida ta ce in wurare sun yi tarayya a suna, a ƙara wa kowanne bayani cikin baka biyu ko bayan waƙafi, sai fa in ɗaya ya yi wa sauran fintinkau a shahara, to shi zai riƙe sunan zalla. Wannan "sai fa" ita ce abincinsa. Ɗauki Gaya. Akwai ta jihar Kano, kuma ɗanta zai tuna maka cewa Abagayawa, maƙeran da ake dangantawa da kafuwar Kano kanta, daga can aka ce sun fito, don haka wa ya isa ya sa ta a baka? Akwai ta jihar Dosso a Nijar, a bakin kogin Kwara, tana kallon Malanville ta Benin, ɗanta kuma zai ce a je a ƙirga manyan motocin da ke tsallaka gadarsu. Suna cikin haka wani ya leƙo ya ce akwai wata a jihar Bihar ta Indiya, wadda ta fi su biyun jama'a, sai ka ga 'yan'uwan sun haɗa kai nan take. Dutse ma haka: babban birnin Jigawa ne, amma da yake manhaja ta girmama harafin farko, dutsen da ake jifa da shi ma "Dutse" ne, kuma ya riga birnin zuwa duniya. Ka gaya wa Bajigawe a rubuta garinsa da baka biyu don a bar wa tsakuwa wuri, ka ji amsa.

Duk waɗannan suna faɗansu da rana tsaka. Ɓarawon Dare ba ya musu da kowa. Sabon asusu ba ya iya sauya wa muƙala suna sai ya kwana huɗu, shi kuwa ya kwana dubu, ya san kan abin. Yakan bari sai ƙarfe biyun dare ya ɗauke muƙalar ya kai ta sunan da yake so. Tsohon sunan ba ya ɓacewa, yakan zama ɗan jagora mai miƙa mai karatu zuwa sabon, kuma a ƙa'ida kowa na iya mai da ita inda take da safe. To shi ya san cewa in aka sake taɓa tsohon sunan ko da ɗigo ɗaya ne, hanyar komawa ta toshe sai admin ya zo. Sai ya koma ya ɗiga ɗigon, ya ja bargo. In ya maimaita sau biyu, jagora ya riƙa nuna jagora, manhajar kuwa taki ɗaya take bi, sai mai karatu ya tsaya cirko-cirko a tsakiyar hanya. Yaronsa da bai samu izini ba ya fi shi ɓarna: kwafe rubutun yake yi ɗungurungum ya liƙa a sabon take, ya bar tarihin gyare-gyaren a baya, aikin mutum ashirin ya koma da sunansa shi kaɗai, alhali lasisin kundin ya wajabta a san wanda ya rubuta me.

Daga ƙarshe kowa yakan kwaso ƙararsa zuwa wurin admin, wanda shi ma ɗan sa-kai ne, da kuɗinsa yake sayen data. Ya karanta hujjar Sanƙira, ya karanta ta Ɗan Gargajiya, ya ga sha ɗayan dare ta yi kuma gobe yana da aiki. Ya san labarin yogot a sashen Ingilishi, inda aka shafe daga 2003 zuwa 2011 kan ko a sa h a tsakiyar kalmar ko a cire. Sai ya yi abin da ke hannunsa: ya kulle taken a yadda ya same shi, ya ce a je a tattauna. Da yake Ɓarawon Dare ne ya taɓa shi ƙarshe, a kan sunansa aka kulle. Kafin gari ya waye ɓangare ɗaya ya ce an saye admin, ɗayan ya ce dama ɗan garinsu ne, Sarkin Lanƙwasa kuma ya aiko masa da saƙo cikin ladabi cewa a sanarwar kullewar ya rubuta "kaida" maimakon "ƙa'ida".