Kifin da Sunansa Ma Rantsuwa Ne

Tun ranar da na yi suɓul-da-baka a teburin mai shayi a Sabuwa ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Abin da na faɗa kuwa bai taka kara ya karya ba. Cewa na yi a Amurka da Kanada akwai masu kamun kifin da ba sa jefa birgi, ba sa kafa kalli, ba sa ɗana gura. Jirgi mai inji suke shiga, su saki dogon zare a baya da ɗan kifin roba ko na itace a ƙarshensa, su yi ta tafiya a hankali kamar masu rakiyar amarya, har kifin gaske ya biyo na ƙarya ya haɗiye ƙugiya.

Mahaucin unguwarmu ya ajiye kofi ya ce, "Malam, to yaya sunan kifin?"

Na ce Turawa suna kiransa walai.

"Wallahi?"

"A'a, walai."

Sai ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Kifin da tun daga sunansa aka fara rantsuwa, ai kun san abin da zai biyo baya."

Aka tuntsire da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Ban ji haushi ba, domin kakana na wajen uwa masunci ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta. Amma na lura ba shi kaɗai ba ne. Ku ma masu karatu ina hango ku kuna taɓe baki. To ku gyara zama, yau sai mun yi ta.

Ƙorafinku na farko na san shi: wane irin malalaci ne zai bar taru, wanda ke kwaso kifi kwando-kwando, ya koma farautar kifi ɗai-ɗai? Wannan tambayar kifin rijiya ce, kuma ban ga laifinku ba, tunda babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani bai wuce dam ɗin Mairuwa ba, sai wanda ya yi nisan zango ya leƙa Zoɓe. Tafkin Eri, inda aka fi shahara da kamun walai, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,700. Jihar Katsina gaba ɗayanta ba ta kai haka ba. Ku ɗauke ta kacokan, daga Jibiya har Sabuwa, ku haɗa da Daura da Ƙanƙara, ku tsoma a ciki, za ta nutse kuma a sami sauran wurin wanka. A irin wannan ruwa ina za ka jefa birginka? Kifin ba ya zama wuri ɗaya, garken ƙananan kifaye yake bi kamar yadda Bafulatani ke bin ciyawa. Yau yana nan, gobe ya yi tafiyar yini. Wanda ya zauna a gaɓa da fatsa yana jira, sai dai ya kamo zazzaɓi. Dole ƙugiya ta tashi ta je neman kifin.

Shi walai idonsa ne sirrinsa. Ka haska shi da tocila da dare, ya yi ƙyalli kamar na kyanwa. Yana gani a duhu da cikin ruwa mai gurɓata, amma ba ya son hasken rana, don haka da rana ta take sai ya yi ƙasa. Da asuba, da almuru, da ranar da iska ke kaɗa ruwa, nan yake fitowa farauta. Duk wanda ya taɓa ganin giwan ruwa a kwance a cikin kwale-kwale ya san irin wannan idon.

Yanzu ga inda nake so in kama ku, ku manoman masara. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya riga ya yi rabin karatun nan bai sani ba. Me ke sa huɗa ta yi kyau? Zurfi da tafiya. In garma ta yi sama-sama, ka tozarta gonar. In ta nutse da yawa, shanu su tsaya suna huci. In yaron da ke gaba ya yi gudu, kunya ta karkace. Jan fatsa a bayan jirgi haka yake, babu ragi babu ƙari. Gudun jirgin bai cika wuce kilomita biyu zuwa huɗu a awa ba, wato tafiyar dattijo mai sanda zuwa masallaci. In ruwa ya yi sanyi kifi ya yi sanyin jiki, a rage. In ya yi ɗumi, a ɗan ƙara. Zurfi kuwa shi ne komai: in kifi na mita takwas a ƙasa kai kuma kotonka na yawo a mita uku, to kana huɗa ne a gonar maƙwabci. Gwanayen abin sukan bi da koton ta ɗan saman kifin, domin sama yake kallo in zai kai cafka.

Na ji wani daga baya yana cewa, to mun ji, amma wane kifi ne wawan da zai ci itace? Alhaji, ba wauta ba ce, kwaɗayi ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya zauna yana kallon ruwa, sai ya lura babban kifi ba ya kai wa kowa hari a cikin garke sai wanda ke tangaɗi, mai rauni. Ya ɗauko wuƙa ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, irin wanda ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar cakulan mai ƙyalli, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya iya ɗingishi a ruwa. Yau sunansa ne a jikin koton da ake sayarwa a duniya. Mahaucinmu ya fi kowa sanin wannan ilimi: kura ba ta bin bunsuru mai lafiya in ga gurguwar akuya.

Ina da irin wannan koton guda ɗaya a aljihu, wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba. Bayansa baƙi, cikinsa fari fat, an ɗiga masa jan fenti a maƙogwaro kamar wanda aka fara yankawa aka fasa. Ƙugiyoyi biyu na reto a ƙarƙashinsa, kowace mai baki uku. A gaba kuma ga wani leɓe na roba ya zazzago kamar na yaron da aka hana kuɗin tara. Wannan leɓen shi ne bakin garma. Ruwa na dukansa yana danna koton ƙasa, kuma gwargwadon tsawon leɓe gwargwadon nutso. Da na miƙa wa mahauci ya juya shi, ya shinshina, ƙugiya ta kama masa hannun riga. Na ce to ga shi ya fara aiki, ya kamo babba.

Sauran kayan ba sai na wahalar da ku ba. Akwai zare mai dalma a ciki wanda launinsa ke sauyawa duk bayan kimanin mita tara, don mutum ya ƙirga launi ya san zurfin da ya kai. Akwai curin dalma mai nauyin kilo huɗu ko biyar da ake saukarwa da waya, ya riƙe zaren a ƙasa, kifi na cafka ya sake shi. Akwai na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa ta zana kifi a allo, wadda da Sarkin Ruwa na da can ya gan ta da ya ce an yi masa kutse a sana'a. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan allo mai yankakken baki da ake maƙala wa zare. Jirgi na tafiya, ruwa na tura allon gefe, ya ɗauke koton ya kai shi can nesa da ƙarar inji da inuwar jirgi. A jera uku a dama uku a hagu, jirgi guda ya zama yana huɗa kunya shida a lokaci ɗaya. Kuma matuƙin ba ya miƙewa ɗoɗar, lanƙwasa yake yi kamar maciji. In ya karya kwana, koton da ke ciki ya rage gudu, na waje ya ƙara. Ɓangaren da kifi ya cafka shi ke gaya masa irin tafiyar da ake so yau. Wato tambayar kifin yake yi, kifin kuma yana ba shi amsa. Ku gaya mini, a cikinku wa ya taɓa tambayar gonarsa wani abu kafin ya zuba mata taki?

Inda kuka fi ni gaskiya shi ne maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wanda zai ƙona lita goma don ya kamo kifi biyu, iyalinsa ne za su fara kai shi wurin mai ruƙiyya. Su can yawancinsu nishaɗi suke yi, mu kuwa tuwon dare muke nema. Na sallama. Amma kafin ku yi guɗa, ku ji wannan: a ɓangaren jihar Ohayo na tafkin Eri, doka ta ce walai shida kacal mutum zai ɗauka a rana, kuma duk wanda bai kai santimita 38 ba a mayar da shi ruwa ya girma. Mu nan fa? Raga mai ido kamar gidan sauro, a kwashe uwa da 'ya'ya da jikoki, wani ma ya zuba gamalin a rafi, sannan baɗi a taru ana cewa ruwa ya daina albarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ne da kifin da ya dace da wannan dabara, wato giwan ruwa. Walai mafi girma da aka rubuta a tarihi an kama shi a jihar Tenesi a 1960, nauyinsa kilo 11 da 'yan kai. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne, wato walai bakwai a fata ɗaya, kuma da homa da gora aka fito da shi. Giwan ruwa mafarauci ne, gurgun kifi yake so kamar ɗan'uwansa na Amurka. A tafkin Nasir na Masar, baƙi kan biya kuɗi masu kauri don a zagaya da su suna jan irin wannan koton, giwan ruwa suke nema. Mu kuma ga tafkin Kainji tun 1968, ga Tiga tun 1974, ga Zoɓe tun 1983. In kuna jin kunyar tambayata, ku gangara kudu ku tambayi bayinmu Nufawa yadda babban ruwa yake, ko da yake na san Bakatsine zai gwammace ya nutse da ya nemi Banufe ya koya masa iyo.

Mahauci bai saduda ba. Ya ce shi dai bai yarda da duk sana'ar da ba a auna ta a gaban mai saye ba. Na ce Sarkin Fawa, ai kuwa yanzu za ka ji labarin awo. Ranar 30 ga Satumban 2022 aka yi gasar walai a birnin Kilibilan, a bakin tafkin Eri. Wasu mutum biyu suka kawo kifi biyar, aka ɗora a sikeli, nauyi ya zarce abin da ido ya gani. Alƙalin gasar ya latsa cikin guda ya ji tauri. Ya zaro wuƙa ya farke, sai ga curin dalma ya faɗo. Ya farke na biyu, haka. Curi goma aka tara, sama da kilo uku, har da yankan naman wani kifin da aka cusa a ciki. Jama'a suka yi caa a kansu, su kuwa sun yi tsuru-tsuru. Kyautar sama da dala dubu 28 ta suɓuce, kotu ta ba su kwana goma-goma a gidan yari, aka ƙwace jirginsu. A nan na ga fuskar mahauci ta saki. Ya ce, "Yanzu na yarda akwai kifin. Duk inda ka ji an sa dutse a buhu, to akwai kasuwa." Wani dillalin hatsi da ke gefe ya shiga tari ba gaira ba dalili. Kada kuma mu cika baki, mu ma a Argungu a 2008 an karɓe kyauta daga hannun wanda ya zo na ɗaya, bisa zargin mataccen kifi ya shigo da shi ruwa.

Saura tambayar da kuke ta ɓoyewa a baki: kai Malam ka taɓa gwadawa? Na gwada. Na sami wani dattijon masunci a bakin wani dam da ba zan faɗi sunansa ba, na ce Baba, tuƙa ni kawai za ka yi, a hankali. Ya dubi koton, ya dube ni, ya ce in fara biya. Babu inji, filafili ne, kuma hakan ya fi, tunda ba ƙara. Na saki zare kamar gaba talatin. Muka yi zagaye ɗaya, biyu, rana ta fara cizo. A na uku sandar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Na miƙe tsaye ina kabbara, kwale-kwale na tangal-tangal, Baba na cewa in zauna kada in kifar da mu. Na ja, abu ya ja. Na ce Baba, wannan ya yi kilo hamsin. Bai ce uffan ba, sai da abin ya taso sama, ga 'yan tulluwar roba a jere suna reto.

"Ɗana," in ji shi, "kallina ne ka kamo. Jiya na kafa shi."

Karfasa uku muka samu a ciki, duk nasa. Na biya kuɗin ɗinkin raga, na sayi biyu daga ciki, na kawo wa mahauci ɗaya a leda. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya latsa cikinta a hankali, ya ce a miƙo masa wuƙa.