Bazazzagi ya sayi manhajar ƙwararru

Bawana Bazazzagi, barka da arziki. Labarinka ya riga motar Anacha isowa Inugu. An ce ranar Juma'a ko takalmi ba ka gama sawa ba a ƙofar masallacin Bida Road ka fara shelar cewa ka yi sallama da manhajar kyauta, AOMEI Backupper ɗinka ta tashi daga Standard ta koma Professional, kuma da dala ka biya. Wai yanzu duk wanda ya ce maka a filashi yake adana kayansa sai ka yi masa kallon tausayi, irin kallon da ku mutanen Zariya kuke yi wa kowa tun ranar da aka kafa muku jami'a a 1962.

Na san abin da ke cikin kwamfutar nan ta falonka. Lissafin buhunan albasa da wake ne, da sunayen matan kasuwar Ose da suka karɓi kaya sai an sayar, da hotunan saukar yara, da aikin makarantar babbar 'yarka. Littafin bashin nan kaɗai ya isa a kashe masa kuɗi, don ranar da ya ɓace ba mai zuwa da ƙafarta ta tuna maka kana binta. Saboda haka sayen bai dame ni ba. Inda kake zuba kwafin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaronka da ya zo karɓar saƙo shi ya tona asiri. Ya ce faifan cikin kwamfutar an raba shi gida biyu, C da D, kayan suna C, kwafin kuma kullum dare manhajar ƙwararru tana kai shi D. Malam, faifai ɗaya ne fa! Ka raba kuɗinka aljihun dama da na hagu, ka rataye rigar a tasha ka tafi alwala. Ranar da faifan ya fara ƙaƙat-ƙaƙat ya tsaya, C da D tare za a yi musu sutura.

Na ji kuma ka sayo faifan waje a Emeka Offor Plaza, madalla. Amma yaron ya ce tun ranar da aka jona shi ba a taɓa cire shi ba. Yana kwance kan tebur ɗaya da kwamfutar, ƙarƙashin hular da kake kifawa a kansa don ƙura, wayarsa a maƙale dare da rana. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. In an kawo wuta da ƙarfi bayan an kashe janareta, su biyu ne a layi. In ɓarawo ya shigo, hannu ɗaya zai yi musu, ya haɗa da hular. Bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya ratsa ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, duk faifan da ya tarar a jone nasa ne.

Kai da ke zaune a Anacha ba sai an ba ka labarin gobara ba. A ranar 16 ga Oktoba, 2019, tankar mai ta faɗi a Upper Iweka, man ya bi kwata, wuta ta bi man har kasuwar Ochanja. Ambaliyar 2022 kuma ka ga yadda kogin Kwara ya shiga gidajen Ogbaru, nan bayanka. Allah ya kiyaye gaba, amma wuta da ruwa ba sa tambayar ko lasisinka na shekara ne ko na har abada.

Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ba ta da wuya, har Bazazzagi zai iya haddacewa: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma nesa da gida. Na nesan nan shi ne ba ka da shi. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, kuma littafin bashinka, ko ka haɗa da na kakanka, ba zai ci kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hotuna da bidiyo ne masu cinye data, su sai faifai na biyu, a cika shi a cire, a ba ƙaninka mai canji a Fatakwal. Ko da yake shi ma Bazazzagi ne, kuma baƙar tokar da ta addabi garin tun 2016 ba ta raga wa na'ura. Ka kawo nan Inugu wurin ubangidanka. Garin amana ne, tun a shekarun 1950 mutanensa suka ɗauki Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, suka yi shi magajin garinsu na farko. Ka lura ba Zariya suka aika ba.

Kada ka ce na hana ka haƙƙinka, kuɗin nan sun sayo abubuwa. Na farko, manhajar za ta iya ɗaukar kwamfutarka ɗungurungum ta sauke a wata sabuwa ko da kayan cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Wannan zai yi maka rana, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, tsohuwar taka kuma da ƙyar ta ɗauki 11. Sannan tana kulle kwafi da kalmar sirri, yadda ko faifan ya kwana a shagona, ni Bakano ba zan leƙa in ga ribar albasa ba. A nan ne tsorona yake. Wanda ya manta kalmar ya rufe kansa a waje, kamfanin ma ba ya da mabuɗi. Kai kuwa lambar katin bankinka a bayan katin kake rubutawa. Rubuta kalmar sirrin a takarda ka ba Hajiya, ita ba ta mantuwa, shaida kuwa alkawarin atamfar da ka yi mata bara.

Saura tambaya ɗaya, kuma na san amsar. Ka taɓa gwada dawo da ko fayil ɗaya daga kwafin? Ka yi filashin ceto da ake tayar da kwamfuta da shi in Windows ta ƙi tashi? Koren tambarin da ke fitowa ya ce an kammala, shi kake gani ka yi hamdala ka kwanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Goge wani hoto da gangan, wanda ba ka damu da shi ba, misali wanda ka ɗauka da babbar riga a gadar Kwara, ka ga ko zai dawo. In ya dawo, manhajarka na aiki. In bai dawo ba, duniya ta huta.

Ranar Asabar ina shago har la'asar. Ka zo da faifan a nannaɗe cikin leda saboda ruwan hanya, da rabin buhun albasa ladan ajiya. Za a ƙara rabi duk lokacin da ka zo karɓa.