Neman Auren Kakan Surukata a Ingila

Matata Baturiya ce 'yar Liverpool, kuma mahaifiyarta ba ta da hira sai ta kakan babanta, wai kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Rannan ta ce tunda na iya kwamfuta, in nemo mata takardar aurensa. Wa ya isa ya ce wa suruka a'a? Na ce, "To Mama, an gama."

A garinmu da tsohuwar gida za a tambaya, ta faɗa maka shekarar fara aka yi auren ko ta yunwa, har da wanda ya raba goro. A Ingila kuwa takarda ake bi. Tun 1538 coci-coci ke rubuta aure da baftisma da jana'iza, sannan ranar 1 ga Yuli, 1837 gwamnati ta buɗe nata rajistar, ta yanka ƙasar gunduma-gunduma. Jerin sunayen yana intanet, wata uku-uku aka tsara shi. Na ce ai wannan aikin shan shayi ne.

Sunan zuriyarsu Jones. Liverpool kuma ta cika da mutanen Wales tun da can, don haka ina dannawa Jones suka yo mini ambaliya. Abin takaici, kafin 1912 jerin ba ya faɗar wa mutum ya aura. Lambar shafi kawai zai ba ka, shafin kuma galibi angwaye biyu ne da amare biyu, kai za ka gane wa ya ɗauki wa. Na kwana ina haɗa matattu aure kamar mai dalilin aure.

Da ƙyar na ware wani Jones na wajen 1880, an rubuta gundumarsa West Derby. Da asuba na yanki tikitin jirgin ƙasa sai garin Derby, har da guzurin dambun nama. Matar da na tarar a ɗakin adana takardu ta dube ni da tausayi, ta ce West Derby unguwa ce a Liverpool, gundumar ma har Everton ta haɗa. Wato wurin da bas ɗina ke ratsawa kullum in zan tafi aiki.

Na dawo gida na koma kan littattafan coci, ina murɗa injin duba tsofaffin hotunan takardu har idona ya fara ruwa. Rubutun limaman cocin nan, Allah Ya kyauta. Amma dai na same shi, sunan uba ya dace, sunan amarya ya dace. A gurbin sana'a an rubuta lebura a tashar jiragen ruwa. A gurbin sa hannu kyaftin ɗinmu ya zana X, amarya ce ta rubuta sunanta tsaf. Da na duba littafin baftisma kuma, wata huɗu ne tsakanin ɗaurin aure da ɗan fari.

Yaya Bahaushe zai buɗi baki ya faɗa wa surukarsa wannan? Na miƙa mata takardar da hannu biyu, idona a ƙasa. Ta sa tabarau, ta karanta har sau biyu, ta ninke ta ce, "Ɗana, wannan ba Jones ɗinmu ba ne."

Har gobe kyaftin ne a bakinta. Yanzu ta ba ni sabon aiki, in nemo dangin mahaifiyarta. Sunansu Smith.