Yadda Za Ka Shirya Fim ɗin Iyali a Meiganga Ba Tare da Dangi Sun Sallama Ka Ba

Ƙanena, labari ya iso mini cewa ka sayi waya mai ido uku, har ka shelanta a teburin mai shayi cewa za ka shirya fim a kan zumunci, mai ban dariya da ban tausayi, ba kamfani ba ubangida. Madalla, Allah ya yi jagora. Amma tun da a Meiganga za ka yi shi, gyara zama ka ji abin da ya sawwaƙa, kada ka jawo wa kanka zaman sulhu a zauren Baffa.

Ka ce da kuɗinka za ka yi. Ni da kai mun san ba ka da su. Ƙofofi uku ne a gabanka: adashin Goggo, aljihun Kawu mai fataucin shanu a kasuwar Ngaoui, da Hamma da ke Duwala, wanda sai an kira shi sau bakwai yake turo sefa ta waya. Ka ƙwanƙwasa duka ukun, amma ka sani kuɗin dangi zumar Adamawa ce, ba a ɗebo ta sai an sha harbi. Kawu zai sayar da bajimi, da sharaɗin a nuna shi da babbar riga yana ba wani umarni. Goggo za ta ba ka kwasarta ta wannan wata, muddin 'yarta ce tauraruwa, kuma ko a cikin wasa ba za a aura mata talaka ba. Hamma ba ya son komai sai sunansa da manyan haruffa. Ka amsa da "to" ga kowa. Daga ranar kana da iyayen gida uku, kuma ko wannensu zai iya kai ƙararka wurin mahaifiyarka.

Kada ƙarancin kaya ya karya maka gwiwa. Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne suka yi shi a Kano a 1990, kuma wayar da ke aljihunka ta fi kyamararsu gani.

Sai labari. Zuciyarka za ta raya maka ka yi a kan sadaki ko kishiya. Ka danne ta, manya sun riga ka. Muna Moto na Jean-Pierre Dikongué-Pipa, kan saurayin da ya rasa masoyiyarsa saboda tsadar kuɗin aure, ya ɗauko wa Kamaru babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1976. A waɗancan shekarun ne Daniel Kamwa ya mai da maganar abin dariya a Pousse-Pousse, inda mai keken dako yake fama da surukin da ba ya ƙoshi. Kafin su, Oumarou Ganda na Nijar ya ci kyautar ta FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙara aure ya ƙara wa kansa bala'i. Ka bar musu filinsu, ka kama rabon gado.

Ga shi a sauƙaƙe. Alhaji ya rasu ya bar mata biyu, uwargida Bafulatana, amarya 'yar Gbaya, da 'ya'ya goma sha ɗaya, da shago a kasuwa, da shanun da babu mahalukin da ya san adadinsu, domin mutumin kirki ba ya faɗin yawan garkensa. Babban ɗa ya sauko daga Yawunde da jakar hannu da Faransanci, ya zo a gama komai cikin kwana uku ya koma aiki. Lissafin malam ba shi da wuya: matan su raba ɗaya bisa takwas, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Matsalar ita ce makiyayi, wanda duk aka tambaye shi sai ya ce wasu sun yi ciwo, wasu kura ta taɓa, saura suna can wajen iyaka suna kiwon rani. A gefen tabarmar ta'aziyya kuma ka zaunar da yayan amarya, dattijon majami'ar Lutheran, wanda ya yi shekara talatin suna musun addini da marigayi suna cin goro ɗaya, kuma shi kaɗai Alhaji ya taɓa gaya wa gaskiyar adadin shanun. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da masallatai ke maƙwabtaka da makarantar horar da fastocin Lutheran. Idan ka kasa fitar da dariya da hawaye daga wannan tabarma, ka mayar wa Kawu bajiminsa.

Ka canza sunaye, amma kada ka ɗauka ka tsira. A Meiganga ana gane mutum da tarinsa. Idan Baffanka na gaske yana gyaran murya sau biyu kafin ya hana bashi, na fim ɗinka ya riƙa sosa kunne. Idan gajere ne, nemo dogo. Duk da haka za a gane shi, sai dai ka samu abin rantsuwa.

Yanzu ga inda samari irinka ke faɗuwa. Ka sha kallon finafinan Indiya masu fassarar Hausa, inda uwa ke rungume ɗanta tana kuka ana kaɗa goge. Ka kuskura ka sa Dada ta rungumi ɗan farinta a gaban kyamara, 'yan kallo za su tuntsire da dariya a daidai wurin da ka shirya musu kuka. Uwar da ko sunansa ba ta kamawa? A gidajenmu ƙauna ba ta bin ta baki, kuma aikinka shi ne ka gano ta inda take bi. Ɗan ya shigo bayan shekara shida a Yawunde, ya durƙusa ya gaishe ta. Kada ta dube shi. Ta ci gaba da tsince wake, ta amsa a taƙaice, sannan ta juya wajen ƙaramar yarinya ta ce, "Ke, gaya wa wancan abincinsa na nan, in ya ga dama ya bari ya huce." Daga nan ka kawar da kyamara daga fuskarta, ka bi kwanon. Idan ya gutsuri tuwo ya tarar da tsokar da ta fi kowace girma an binne ta a ƙasa, ka tsaya a nan ka ƙirga biyar a zuci. Kada ka sa kiɗa. Duk wanda ya taɓa barin gida zai fara neman abin da ya faɗa masa a ido.

Haka abin yake tsakanin uba da ɗa. Ba za su zauna su "tattauna matsalarsu" ba, wannan sai a Amurka. Uban zai ce a duba masa rediyonsa da ta ƙi kamawa, alhali lafiyarta ƙalau, don dai yaron ya zauna kusa da shi minti goma. Kishiyoyin da suka yi shekara ashirin ba sa shiri, kada ka sasanta su da wa'azi a ƙarshen fim. Ka bar uwargida ta miƙa wa amarya maganin ciwon baya tana cewa ita dai nishin ne ya hana ta barci.

Dariya kuwa ba sai ka ƙirƙiro ta ba, al'ada ta riga ta ba wasu lasisi. Akwai wasan kaka da jika, akwai na taubasai, akwai tsohuwar tsokana tsakanin Fulani da Barebari. Akwai surukin da zai hango uban matarsa a siririyar hanya, kunya ta sa ya karkata babur ya faɗa gonar rogo. Fiye da kowa, ka nemi tsohuwa guda wadda ta wuce shekarun jin nauyin kowa, ka ba ta duk maganar da sauran 'yan gida ke tsoron faɗa. Ka ɗauko kakarka ta gaske. Ba za ta haddace rubutunka ba, kuma abin da za ta faɗa ya fi naka. Sharaɗi ɗaya: ka tabbata wayar tana ɗauka tun kafin ta buɗe baki, domin idan ka ce, "Kaka, a maimaita," za ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, mijin nawa kurma ne?" ta tashi ta tafi alwala.

Abin da ban yarda ka yi ba shi ne kwaikwayon marigayi Rabilu Musa Ibro. Tun rasuwarsa a Disambar 2014 kowane gari ya samu samari goma masu karkatacciyar hula da zaro ido, babu ko ɗaya da ya kama ƙafarsa. Rawa da waƙa a lambu ma ka haƙura. A Kano yarinya na iya rawa a fim ta ɓace cikin miliyoyin mutane. A nan gidan ubanta na uku ne daga naku.

Da wane harshe za a yi? Da duka, yadda ake yi a tsakar gida. A gaisa da Fulatanci, a yi ciniki da Hausa, amarya in ranta ya ɓaci ta koma Gbaya, maƙwabciyar da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro ta sa baki da Sango, ɗan Yawunde kuma duk sanda zai yi ƙarya ya juya zuwa Faransanci. 'Yan kallo za su gane dokar tun a minti na goma, daga nan da ya ce "bon" za a fara dariya. Rubutun fassara na ƙasan hoto, ka nemi ɗalibi a makarantar ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngaundere da ke nan garin. Suna da kwamfuta, kuma kilishi na aiki a kansu.

Izini kuwa, a takarda ma'aikatar al'adu ce ke ba da shi. A aikace ka gaida suprefe, wakilin gwamnati a gari, ka je fadar lamido da goronka, ka sanar da jauron unguwa, kada jandarma ya gan ka kana ɗaukar hoto kusa da ofishin gwamnati. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, mai ofis da dokoki a rubuce, wadda in ta hana ka kana iya zuwa kotu. Taka hukumar tana zaune bayan labule, goggonni huɗu da Yapendo 'yar'uwar mahaifiyarka, ba su da doka a rubuce kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Lokacin ɗauka ma sai ka yi dabara. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, kuma da ya sauka a kan kwano ko kururuwa ba a ji. Da rani makiyayinka na gaske ya bi shanu. Ko yaushe ka zaɓa, abokan aikinka su ne injin niƙan rogo, zakaran maƙwabta, da tirelolin da ke ratsa gari daga Duwala zuwa Cadi, waɗanda sai jarumi ya zo kan kalmar da ta fi muhimmanci suke danna oda. Wuta za ta ɗauke, ka ajiye janareta nesa da makirufo. Kuma ka yi sauri, don rayuwa ba ta jiran darakta: ragon da ya fito a fitowa ta uku za a yi layya da shi kafin ta huɗu, mai gemu zai aske, tauraruwa za ta yi aure angon ya ce ba da matarsa ba. Saboda haka tun a rubutu ka tanadi wata inna marar lafiya a Garwa. Duk wanda ya ɓace maka, wani ya shigo ya ce, "Ai ta tafi Garwa jinya." An taɓa tura mutum uku jinyar inna ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi.

An gama, ina za a nuna? Gidajen sinima uku na ƙarshe a Kamaru, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafoussam, a farkon 2009 aka rufe su, sai a 2016 Canal Olympia ya buɗe a Yawunde. Idan kana da buri, ka yi tafiyar kilomita kusan 160 zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ka kai fim ɗinka bikin Écrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997. A irin waɗannan tarurruka za ka haɗu da mai tabarau da zai tambaye ka me ya sa mutanenka ke dariya haka, ina yunwa, ina sansanin 'yan gudun hijira. Ka yi murmushi, kada ka ƙara ko hawaye ɗaya dominsa. Labarin gida ma yana kai mutum nesa: Mahamat-Saleh Haroun na Cadi ya zaga duniya a 2002 da Abouna, labarin yara biyu da suka wayi gari ubansu ya tafi, har suka saci faifan sinima don sun zaci shi suka gani a ciki.

Amma jarrabawar gaskiya a tsakar gida take, da farin zanin gado a jikin katanga da majigin aro. Ka zaunar da Baffa nesa da goggonni, kai kuma ka tsaya kusa da ƙofa, takalmi a ƙafa. Idan aka zo wurin marowacin fim ɗin ka ji Baffa ya fi kowa dariya yana cewa, "Wallahi Alhaji wane ne sak!" to ka sha. Idan ka ji ya yi gyaran murya sau biyu, kai ma innar nan ta Garwa tana bukatar mai jinya.

Kada ka sa ran kuɗi. Kafin mako ya zagayo masu tura finafinai a bakin kasuwa sun zuba shi a wayar kowa, har wani yaro zai yi maka tallarsa, ya ce sabo ne daga Kano. Ka saya, ka duba ko sautin ya fita.

Saura jerin sunayen ƙarshe, kuma a nan ne aka fi ɓata zumunci. Manya kafin yara, dangin uba kafin na uwa, amma Kawu mai bajimi ba zai yarda ya zo bayan Baffan da bai ba da ko sisi ba, don haka ka ƙirƙiro masa muƙami shi kaɗai a shafinsa. Ka sa mai soya makala da ta ciyar da ku bashi, da mai zanin gado, da mai akuyar da ta ratsa ta bayan jarumi. Sunan Hamma ya kai girman rabin allo. Goggo kuma ka je da kanka ka karanta mata nata, sannan ka saurari gyare-gyaren da ta tanada don kashi na biyu, inda ta riga ta yanke cewa 'yarta za ta auri gwamna.