Sayayya Don Kunnen Jemage

A makon nan ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Bai gama tambayar lafiyar iyali ba idonsa ya sauka kan iyafis ɗin da ke soke a wayata. Ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai cike da tausayi. "Kawu, ashe kai har yau ba ka taɓa jin kiɗa ba." Ni da na fara murɗa rediyo tun uwarsa tana goye a bayan kakarsa! Na ce to duk shekarun nan me nake ji? Ya ce hayaniya. Sannan ya zaro wata 'yar wutsiya daga aljihu, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ya ce sunanta DAC, in ban saya ba haka zan bar duniya kunnena bai ci moriyar komai ba.

Kun san irinsu, kowace majalisa yanzu da nata guda. Shi ne mai lumshe ido in an sa waƙa, ya ɗaga yatsa a yi shiru, ya ce yana jin numfashin mai kalangu. Ya haddace sunayen kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar abin, su ESS da Cirrus Logic da AKM, amma tambaye shi sunan kakan kakansa ka ga inda-inda. Namu ya taɓa ba da labarin gobarar da ta ci masana'antar AKM a garin Nobeoka na Japan a 2020, murya na rawa, har wani dattijo ya ce Allah Ya mayar da alheri, don ya ɗauka shagon babansa ne.

Abin da ba sa son a faɗa shi ne duk wayar da ke iya yin ƙara akwai DAC a cikinta, har 'yar rakani-kashi mai tocila. Aikinta bai wuce ta karɓi lambobin da aka adana waƙa da su, ta mayar da su lantarkin da zai girgiza 'yar fatar da ke cikin iyafis ba. Da can tana zaune lafiya a bayan ramin da muke soka iyafis, babu wanda ya san da zamanta. Sai a 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu ramin, wani babban jami'insu ya hau dandamali ya kira hakan jarumta. Samsung ya yi ta tallace-tallace yana musu dariya, 2019 na zuwa shi ma ya toshe nasa a Galaxy Note 10. Daga nan aka dawo ana sayar mana da ramin daban, an yi masa wutsiya, na Apple dala 9 a Amurka. Mu dai masu Tecno da Infinix da itel yawancinmu raminmu na nan, talauci ya yi mana rana.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Yaron nan ya miƙo mini kwalin, ya nuna wani rubutu da farcensa: 32-bit, 384kHz. Ya ce Kawu duba nan, ka ga inda kuɗi suka tafi.

To bari mu duba. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗibar sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda. Ƙa'idar ita ce rabin wannan adadi shi ne iyakar siririn sautin da za a iya kamawa, wato 22,050. Kunnen ɗan Adam kuwa, sabo fil na yaro ƙarami, a wajen 20,000 yake tsayawa, kuma kullum shekaru na tafiya yana ja da baya. Wato tun 1982 aka riga aka wuce kunnenmu. Shi kuwa 384,000 rabinsa 192,000 ke nan. Kare bai kai nan ba, a wajen 45,000 yake sallama. Kyanwa ta ɗan fi shi, ita ma ta gaji a hanya. Wanda ya rage a fagen shi ne jemage. Ba ma kowane jemage ba, sai masu farautar ƙwari da dare. Wannan da ke ɓarnar mangwaro a bayan gida bai kai matsayin ba.

Ashe ɗan ƙanwata ya tara kuɗin alawus ne ya yi wa jemage sayayya. Ban hana ba, kyautata wa dabba ma sadaka ce. Sai dai ina son in san ta yadda za a isar masa da saƙon. Za a hau bishiya ne da magariba a soka masa iyafis, alhali kansa na ƙasa ƙafafu na sama, abin ya yi ta zamewa? Na hagu ne zai koma dama tunda a juye yake? In ya saurara ya ce bes ya yi yawa, wa zai kai ƙorafin kasuwa, kuma da wane rasit? Na tabbata in aka tara jemagun garin nan kaf aka ce ga abin da samarinmu ke kashe kuɗi a kai dominsu, cewa za su yi a ba su kuɗin kawai.

Kuma kunnen da ake wa wannan hidima, kunnen da ya kwana kusa da janareta ne, ya wuni tsakanin injin markaɗe da ohon A Daidaita Sahu, ya ƙarasa yammaci a gidan biki gab da sifikar da ke sa haƙarƙari rawa.

Na ce to sa mini abin da kake ji da ita. Wallahi tsohuwar waƙar Shata ce, wadda wani ya kwafo daga kaset, wani ya kara wayarsa a bakin rediyo ya naɗa, ya turo ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, a tsakiya ana jin zakara na cara, can kuma wata na kiran yaro ya kawo bokiti. DAC ɗin ta yi aikinta tsakani da Allah, zakaran ya fito tangaram. Kunun jiya da ya tsinke ko a kwanon tangaran aka zuba shi sunansa kunun jiya.

In dai wayarka ba ta da rami, ko naka yana shuuu, sayi wutsiyar, ba laifi ba ne. Tambayi mai shago ko akwai ƙwaƙwalwa a ciki, don wasu masu arhar waya ce zalla aka haɗa baki da baki, a wasu wayoyi kaɗai suke aiki. Zai ce "Alhaji, orijina ce," kar ka saurare shi, soka a wayarka nan take. Tsayar da waƙar ka saurari shirun. In ka ji iska na huci, ajiye masa kayansa. Kira wani ka ji ko makirfo na aiki. Lanƙwasa wuyan wutsiyar a hankali, don ta nan duk suke mutuwa. Iyafis na yau da kullum, mai ohm 16 ko 32, ƙaramar wutsiya ta ishe shi har da saura. Sai in kana da irin Sennheiser HD 600 mai ohm 300 ne za ka nemi mai ƙarfi, kuma wanda ya mallaki wannan ba shawarata yake jira ba. Ragowar kuɗin ka sayi iyafis mai kyau, a nan bambancin yake fitowa.

Duk da haka, na rantse gara mini mai lumshe ido sau dubu a kan ɗaya ɓangaren. Shi aƙalla haukarsa a cikin kunnensa ta tsaya. Waɗanda ke ci mini tuwo a ƙwarya su ne marasa iyafis gaba ɗaya. Mutum ya riƙe wayar dubu ɗari uku, ya kasa sayen iyafis na kuɗin kwanon shinkafa, ya ƙure ƙara a motar haya, a layin banki, har a ɗakin jiran asibiti inda mutane ke riƙe da kai. Bidiyo na bin bidiyo, kowanne da dariyar nan ta gwangwani. In ka kalle shi ya kalle ka, wai kai ne mai shiga harkar mutane. Wannan ba wayewa ba ce, rashin tarbiyya ne, kuma manya da furfura sun fi yara yi.

Shekaranjiya a bas wata baiwar Allah ta buɗe mana saƙonnin muryar gidansu tun daga tasha. Rabon gado ake. Mun ji abin da yaya ta ce, mun ji martanin matar ƙane, mun ji wani kawu da ya shiga sasanci ya fito da zagi. Kwandasta ya daina karɓar kuɗi, direba ya rage rediyo. Wani malami a bayana har ya fara lissafin tumunin takaba da yatsu. Ana isowa kan maganar firji da keken ɗinki sai ga mahaɗarmu, dole na sauka, kuma har yanzu ban san wa ya tafi da firjin ba.